Zaman omakase a Tokiyo: yadda ake cin sushi a gaban mai yinsa

Kujera takwas ce kacal a ɗakin, jere a gaban wata doguwar kanta ta farin katako. Babu takardar jerin abinci, babu farashi a bango, babu yaron da zai tsaya a kanka da biro yana jiran ka yanke shawara. Mutum ɗaya ne tsaye a bayan kantar cikin farar riga, wuƙa a damarsa, akwatin katako mai ɗauke da kifin ranar a gabansa, ɗan akushin shinkafa a gefe. Abin da ya ajiye maka shi za ka ci, a lokacin da ya ajiye, bisa jerin da ya tsara tun da asuba a kasuwa. Japanawa suna kiran wannan omakase, wato "na bar maka zaɓi".

Wanda ya saba da gidan abincin da mai kuɗi ke juya kowa zai ga abin banbaraƙwai: kai za ka biya kuɗi mai nauyi, kuma kai za ka bi doka. Sai dai dokokin ba su da yawa, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke komawa. Duk maganar da kake da ita ka yi ta kafin ka zauna. In ka zauna, ci ne aikinka.

Ka fara sanin abin da kake saye

Sushin da ake yi a irin waɗannan gidaje sunansa Edomae. Edo tsohon sunan Tokiyo ne, Edomae kuma "gaban Edo", wato mashigin tekun da birnin ke kallo, inda ake kamo kifin a da. Ana danganta wannan salo na dunƙula shinkafa da hannu a ɗora yankan kifi a kai, wanda ake kira nigiri, ga wani mai suna Hanaya Yohei a shekarun 1820. A lokacin abincin tsaye ne na leburori da masu sauri, kamar yadda ake tsayawa gaban mai tsire. Babu firiji, don haka dole aka nemi dabarar hana kifi lalacewa. Wani a barbaɗa masa gishiri a jiƙa shi a ruwan kal, wani a tsoma shi a shoyu, wato baƙin romon waken suya, wani a dafa, wani a naɗe shi da ganyen teku ya kwana. Firiji ya zo, dabarun ba su tafi ba, saboda an gane su ne suke fito da ɗanɗanon kifin. Masu sana'ar suna kiran su shigoto, ma'ana aiki, kuma wannan aikin kake biya.

Na kawo wannan ne saboda mai cewa shi ba zai iya cin ɗanyen kifi ba. Akwai ɗanye, ba na musu. Amma da yawa daga abin da za a miƙo maka ya riga ya sha gishiri, ko tsami, ko wuta, kuma babu ƙarnin nan na bakin kogi da hancinka ke tsoro. Kifin tuna ma ba a yanka maka shi ranar da aka kama shi. Ajiye shi ake yi cikin sanyi na kwanaki har namansa ya saki. Kada kuma ka je kana cigiyar kifin salmon. Tsofaffin gidajen Edomae galibi ba sa ajiye shi, domin baƙo ne a sana'ar, 'yan Norway ne suka tallata shi a Japan daga shekarun 1980.

Kama kujera

Nan ne wahalar take. Gidan da ke da kujera takwas ko goma, yana zama biyu a dare, mutum ashirin kawai zai iya ciyarwa, kuma tsofaffin kwastomomi sun riga sun cinye rabin wuraren. Wasu gidajen ma ba sa karɓar wanda ba su sani ba sai wani nasu ya kawo shi. Sukiyabashi Jiro da ke unguwar Ginza, inda Firaminista Shinzo Abe ya kai Shugaba Barack Obama a watan Afrilun 2014, kujera goma gare shi a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgi. A ƙarshen 2019 Michelin, mai fitar da littafin fitattun gidajen abinci, ta cire shi daga jerinta, kuma dalilin bai shafi abincin ba: gidan ya daina bai wa gama-garin mutane damar kama wuri.

Shawarata, kada ka ɓata lokaci kana bin sunayen da duniya ta sani. Yaran da suka koyi aiki a ƙarƙashin waɗannan manyan sun buɗe nasu gidaje a Ginza, Nihonbashi, Azabu, Yotsuya da sauran unguwanni, hannunsu ya faɗa, kuma sun fi sakin fuska ga baƙo. Ka duba shafin Tabelog, inda Japanawa ke ba gidajen abinci maki. Ba su da kyautar maki ko kaɗan. Gidan da ya haura 3.5 ya amsa sunansa, wanda ya kai 4.0 kuwa sai an tona.

Hanya biyu ce ta fi sauƙi. Ta farko, in a babban otal za ka sauka, ka rubuta wa ma'aikacin da ke kula da buƙatun baƙi tun wata ɗaya ko biyu kafin tafiyarka, ka ba shi sunayen gidaje uku ko huɗu da ranakun da kake da sarari. Gidajen sun fi yarda da otal saboda sun san inda za su bi bashi in ba ka zo ba. Ta biyu, shafukan kama wuri irin su Omakase, Pocket Concierge, TableCheck da TableAll, waɗanda za su nemi lambar katin bankinka tun farko. Ka tabbata katin yana aiki a ƙasar waje.

Kuɗin dare a gida mai suna yakan fara daga wajen yen 30,000 ga mutum ɗaya, ya haura 50,000 a manyan wurare, ban da abin sha, wasu kuma su ƙara kashi 10 na hidima. Na rana ya fi sauƙi sosai, sau da yawa tsakanin yen 10,000 da 20,000, da hannu ɗaya da kifi ɗaya, illa dai an rage ƙananan kwanukan farko. Ga wanda bai taɓa zama ba, ni na rana nake zaɓar masa. Ka karanta sharaɗin fasawa da kyau, domin wanda ya fasa a ranar, ko ya ƙi zuwa, galibi kuɗin gaba ɗaya ake cirewa. Kifinsa an riga an saye shi. Ka kuma lura da ranaku: kasuwar kifi ta Toyosu, wadda ta gaji tsohuwar kasuwar Tsukiji a watan Oktoban 2018, tana rufe ranar Lahadi da wasu Larabobi, gidaje da yawa suna hutawa tare da ita, haka nan farkon Janairu da tsakiyar Agusta.

Maganar halal, tun ran gini ran zane

Kifin kansa ba matsala ba ne ga wanda ya taso a kan mazhabar Malikiyya, tun da abin da ke rayuwa a teku halal ne, mai ƙaya da mai ɓawo, ba sai an yanka ba. Naman alade kuma ba ya cikin al'adar kantar sushi. Inda gizo ke saƙar shi ne romo.

Akwai sake, giyar shinkafa, akwai kuma mirin, wani ruwa mai zaƙi da ake girki da shi wanda shi ma yana da giya a ciki. Romon da mai gida ke shafa wa kowane nigiri da ɗan buroshi sunansa nikiri: shoyu ne aka haɗa da sake ko mirin aka tafasa, sunan ma daga tafasawar da ake yi don giyar ta tashi ya samo asali. Baƙin romo mai kauri da zaƙi da ake ɗiga wa dafaffen kifi, tsume, shi ma haka. Awabi, wata halittar teku mai ɓawo ɗaya, da sake ake turara ta. Hantar kifi da wainar ƙwan ƙarshe, sau da yawa akwai mirin a ciki. Shinkafar kanta in ka gan ta ja-ja, da akazu aka kwaɓa ta, ruwan kal ɗin da ake yi daga dusar sake, wanda ya riga ya juye ya zama tsami. Shoyu zalla ma yana da ɗan burbushin giya da tsimuwa ke haifarwa.

Hukuncin kowane ɗaya daga cikin waɗannan magana ce ta malamai. Ka tambayi naka kafin ka sayi tikitin jirgi, ka san inda iyakarka take. Ni dai na nuna maka ƙofofin da abin ke shiga. In ka tsayar da matsaya, ka rubuta ta gajeriya a wurin kama kujera, ko otal ya faɗa musu da yarensu: ba na shan giya, ba na cin abin da aka dafa da sake ko mirin, ko za a iya ba ni da gishiri ko shoyu zalla? Amsa uku za ka iya samu. Wani ya ce to, ya ba ka da gishiri da ɗigon sudachi, wani ɗan lemon tsami kore, ya musanya dafaffun da wani abu. Wani ya ce zai iya a wasu, ba zai iya a wasu ba. Wani kuma ya ba da haƙuri ya ce ka nemi wani gidan. Kada ka ji haushin na ukun, gaskiya ya gaya maka, kuma ya fi wanda zai ce to ya manta. Akwai 'yan gidajen sushi a Tokiyo da suka sami takardar shaidar halal, ga wanda yake son hankalinsa ya kwanta gaba ɗaya.

Abin da ba a yi shi ne ka bari sai buroshi ya hau kifi sannan ka ɗaga hannu. Romunan nan tun safe aka dafa su, dafaffen kifin ma haka, babu abin da mai gida zai iya canzawa a gaban mutum bakwai masu jiran nasu. Ka kuma sani kanta ɗaya za ka zauna da masu shan sake. In hakan ya dame ka, zaman rana ya fi dama, ko ka nemi gidan da ke da keɓaɓɓen ɗaki.

A cikin saƙon nan dai za ka ambaci duk abin da jikinka ba ya so, musamman jatan lande da ƙaguwa. Mai juna biyu da mai raunin garkuwar jiki su fara jin ta bakin likita a kan ɗanyen kifi.

Ranar zuwa: hanci, hannun riga, agogo

Kada ka sa turare. Na san abin da nake faɗa, kuma na san wa nake faɗa wa. Karon farko da na je irin wannan wuri, wanka na yi na fesa turaren ud kamar mai zuwa ɗaurin aure, a ganina girmama wurin nake yi. Ina shiga sai na ga wani dattijo a ƙarshen kanta ya ɗan ɗaga kai. Uwargidan mai wurin ta karɓi jakata, ta rusuna, ta kai ni kujerar da ta fi kusa da ƙofa. Bayan tawul ɗin goge hannu da ta bai wa kowa, sai ta dawo min da na biyu mai zafi, ta nuna wuyan hannunta da gefen wuyanta, tana murmushi, ba ta ce uffan ba. Na goge, amma ud ba ya jin tawul. Awa biyu na yi ina jin ƙamshina yana yawo a kan kifin mutane.

Ɗakin ƙarami ne, ɗanɗanon farin kifi kuma siriri ne, rabinsa ta hanci yake shiga. Gidaje da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa za su iya mayar da mai turare, kuma ba za su mayar masa da kuɗi ba. Mata su lura da humra da turaren wuta da ya kama tufafi, domin ko an wanke yakan zauna. A ware kayan da ba a turara ba tun daga gida. Man shafawa mai ƙamshi da warin taba duk hukuncinsu ɗaya.

Tufafi kuwa, mai tsabta da kamala ya wadatar, ban da gajeren wando da silifa. Kaftani mai tsukakken hannu ya fi babbar riga, wadda hannunta zai share kanta ya kifar da kofi. Mayafi ba matsala, a dai ɗaure gefensa. A wasu gidajen ana cire takalmi, sai ka duba safarka. Agogo mai ƙarfe da awarwaro a cire su a sa a aljihu, saboda kantar nan da itacen hinoki ake yin ta, ba a shafa mata fenti, kullum da hannu ake goge ta, kuma ƙarzuwa ɗaya ta zauna ke nan. Waya da makulli ma ba a ɗora su a kai.

Ka ci abu kaɗan da rana. Ka lissafa sallarka: a Tokiyo rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 a watan Disamba, amma a ƙarshen Yuni sai wajen 7:00, don haka zaman ƙarfe 6:00 a lokacin zafi zai haɗiye maka Magariba, gara ka nemi na biyu, wajen 8:30. Sannan ka fita da wuri neman ƙofar. Gidajen nan a ɓoye suke, hawa na uku ko ƙarƙashin wani dogon bene, allon sunansu bai fi tafin hannu ba kuma da rubutun Japan. Ka ajiye hoton ƙofar a wayarka. Ka isa saura minti 5, kada ka wuce haka da wuri, kada kuma ka makara, domin gidaje da yawa tare suke fara wa kowa. Lokacin "ina nan tafe" ba ya aiki a nan.

In ka zauna

Za a tarbe ka da "irasshaimase", ba ta buƙatar amsa, ɗan sunkuyar da kai ya isa. Tawul ɗin da aka ba ka, oshibori, na hannu ne, ba na fuska da wuya ba. Ka goge ka naɗe ka ajiye. Za a tambaye ka abin sha. Ka ce "osake wa nomimasen", ba na shan giya, ka nemi ocha, koren shayi mai zafi, ko ruwa mai gas. Lemon kwalba mai zaƙi kashe harshe yake yi. Mai gida ana kiransa taisho. Kafin loma ta farko su suna cewa "itadakimasu". Ka yi bisimillarka a hankali, ka ƙara da tasu in ka so.

Da dare akan fara da otsumami, ƙananan kwanuka biyar zuwa takwas: yankan kifi ba shinkafa, gasasshe, turararre, wani lokacin tako, wata halittar teku mai hannuwa takwas, da aka dafa har ya yi laushi. Waɗannan da tsinkayen cin abinci ake ci. Abu biyu ne haramun a al'adarsu game da tsinkayen, soke su a tsaye cikin shinkafa da miƙa wa wani abinci tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun al'adun jana'iza ne. In ba ka iya riƙe su ba ka faɗa, babu mai dariya.

Daga nan sai nigiri, guda goma zuwa goma sha biyar. Ka kalli hannun mutumin, don rabin kuɗinka na kallo ne. Zai tsoma yatsu a ruwa, ya ɗebo shinkafa da dama ba tare da ya kalla ba, yankan kifin yana kwance a yatsun hagu, ya lakato wasabi, wani koren yaji, da manuni ya shafa, ya ɗora shinkafar, ya danna, ya juya, ya matse gefe, ya sake juyawa. Kafin ka ƙirga goma ya gama, ya shafa romo, ya ajiye a gabanka, sai ka ga lomar ta ɗan nutse kamar ta sauke numfashi, saboda iskar da ya bari a tsakiyarta. Suna da karin magana a sana'ar: shekara uku dafa shinkafa, shekara takwas dunƙulawa.

Ka ɗauka nan take. Shinkafar da ɗumin jiki take zuwa, an kuma daidaita sanyin kifin da ita, in ta yi minti ɗaya a ajiye ta huce, kifin ya bushe, romon ya jiƙa ƙasa. Da hannu ake ci, abin da mu ba sai an koya mana ba: babban yatsa da na tsakiya a gefe biyu, manuni a sama, a ɗaga a hankali, loma ɗaya. Ba a gutsura a ajiye rabi, ba a ɓare kifin daga shinkafar. Akwai ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a naɗe kusa da kai na goge yatsu. In lomar ta yi maka girma, ko ka fara ƙoshi, ka ce "shari chiisame de", a rage shinkafa. Wannan roƙo ne da suka saba ji kuma suna jin daɗinsa fiye da a bar musu saura. In wasabi yana hawa maka kai ka ce "sabi nuki". Amma ka fara gwadawa, domin na gaske, saiwar da ake gogawa a kan fatar kifin shak a gabanka, yajinsa na daƙiƙa biyu ne ya wuce, har da ɗan zaƙi a baya.

Kada ka nemi ƙarin shoyu, an riga an sa daidai. Tsimammiyar cittar da ke gefe, gari, ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kan sushi. Hoto kuwa, ka nemi izini sau ɗaya a farko, ban da walƙiya, ban da fuskokin mutane, kuma kada hoton ya sa lomar ta jira.

Jerin da abin ke bi

Kowane gida da tsarinsa, amma galibi daga mai sanyin ɗanɗano ake hawa zuwa mai ƙarfi. Farin kifi ne farko, hirame a lokacin sanyi, karei a lokacin zafi, sai ika, wata halittar teku 'yar uwar tako, mai santsi da aka tsattsaga da wuƙa don ya yi laushi. Sannan tuna kashi uku: akami, jan nama marar kitse, wanda sau da yawa an jiƙa shi a shoyu; chutoro mai matsakaicin kitse; otoro na ciki, mai narkewa kamar man shanu. Baƙi otoro suke yabo, amma ni a akami nake gane tuna mai kyau. Tuna mafi suna shi ne na garin Oma, a lardin Aomori. A gwanjon farkon shekarar 2019 a Toyosu, Kiyoshi Kimura mai gidajen Sushi Zanmai ya biya yen miliyan 333.6 a kan guda ɗaya mai kilo 278 daga can. Wannan farashin talla ne, ba shi ake saye kullum ba.

Bayan kitsen tuna sai kohada, kuma a nan nake so ka nutsu. Ɗan ƙaramin kifi ne mai fata kamar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, mai araha a kasuwa, ba ya ciyuwa ɗanye. Sai an fede shi, an ba shi gishiri, an wanke, an jiƙa a ruwan kal, an bar shi ya kwana, kuma tsawon kowane mataki ya danganta da girman kifin da kitsensa da yanayin ranar. Babu tsadar da za ta rufa wa mai gida asiri a kansa. In tsami da gishiri da kitse suka zo daidai, ba wanda ya danne wani, to kana hannun gwani. A tsakiyar lokacin zafi ana samun jariransa, shinko, ƙanana har sai an jera uku ko fiye a kan loma ɗaya.

Sai masu ɓawo irin su akagai, sai kifin aji, sai kuruma ebi, babban jatan lande da ake dafawa a ɓare shi da ɗuminsa. Uni, cikin wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, launin ruwan ɗorawa, galibi daga Hokkaido, da ikura, jan ƙwan kifi mai fashewa a baki, sukan zo cikin zoben busasshen ganyen teku, nori. Waɗannan kada su yi ko daƙiƙa goma, don ganyen yana yin laushi. In aka miƙo maka wani abu hannu da hannu, ka karɓa ka kai baki. Kaka lokacin kifin sanma ne da ikura, hunturu na kifin buri mai kitse da kuma shirako, wanda gara ka sani tun yanzu cewa maniyyin kifi ne, fari mai laushi. In ba za ka iya ba, yana cikin abin da za ka rubuta tun farko.

Anago, dogon kifi mai kama da maciji da ake dafawa har ya kusa narkewa, shi ke nuna an kusa sauka. Sai naɗaɗɗen sushi, sai miyar miso ta daddawar waken suya, sai tamago, wainar ƙwai mai zaƙi wadda a gidajen Edomae ake haɗawa da niƙaƙƙen jatan lande har ta zama kamar kek. Duka zaman awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu.

Hira ba laifi, da murya ƙasa-ƙasa. Ka tambayi sunan kifi ko inda aka kamo shi lokacin da hannunsa ya sarara. "Oishii desu", yana da daɗi, ta isa yabo. Akwai kalmomin da ma'aikata ke yi a tsakaninsu, agari ga shayi, murasaki ga shoyu, oaiso ga lissafi. Bar musu kayansu, a bakin baƙo iyayi ne.

Tashi

A ƙarshe taisho zai tambaya ko akwai abin da kake son a maimaita. Kana iya neman ɗaya ko biyu, amma kuɗinsu daban, kuma otoro da uni ba sa wasa. In ka gama ka ce "okaikei onegaishimasu". Za a kawo ƙaramar takarda a kan faranti da lamba ɗaya tak a rubuce, jimla, babu bayani. Ba a ciniki, ba a kuma barin tukuici. In ka bar kuɗi a kanta za a biyo ka da su har titi. Yawanci suna karɓar kati, amma ka riƙe tsabar kuɗi saboda tsofaffin gidaje.

In wurin ya yi maka, lokacin neman kujera ta gaba ke nan, kana tsaye a gabansu, domin wanda ya taɓa zama an san fuskarsa kuma an san abin da ba ya ci. Kada ka daɗe da hira bayan shayin ƙarshe, akwai masu zama na biyu da za a goge wa kanta. Ka dubi mai gida ka ce "gochisosama deshita", godiyar da ake yi bayan cin abinci. Sau da yawa shi ko yaronsa zai rako ka har bakin ƙofa, ya ɗaga maka labulen, ya rusuna, kuma in ka waiwaya daga kwanar layin za ka tarar yana nan tsaye bai koma ba.